Wasiƙa Daga Garka

Bizo, ka ce in ba ka labarin gida.
To ga shi, ban sa masa gishiri:
ruwan rijiya ya fi na randa ɗumi
tun da ɗari ya sauka Badagishiri.

Da asuba nake fita, ladan bai gama tari ba,
bargon Baba a kafaɗa,
yatsu sun ƙi riƙe igiyar guga,
rijiya na tururi kamar an buɗe tukunya.
Faso ya tsaga mini dunduniya wuri uku.
Inna ta ɗiga man kaɗe, ta ce in bar raki,
wai ƙasa ma sai ta tsage take karɓar iri.

Injin ban-ruwan Arzika ya mutu ran Laraba.
Ya baje hanjinsa a kan buhu,
kwana biyu muna ba shi aron hannu.
Salati ya buɗe kunnuwa,
kabeji ya dunƙule kamar mai fushi,
tumatir ya ƙi nuna, ya ce sai rana ta fito da wuri.

Gawon nan na bakin hanya,
wanda ya yi damina tsirara,
yanzu ya tuna da riga.
Awaki sun tare a gindinsa, ido sama.
Shekara bakwai kana cin rani a Abijan,
kana zuwa da ruwa, kana tafiya da kaka,
ba ka ƙara ganin ganyensa ba.
Ku biyu kun saɓa hanya a cikin gari.

Ƴarka Tsahara ta tsinto kariya a kan dutse,
ta dasa a gwangwanin madara, gefen rijiya.
Arzika ya yi dariya har da riƙe ciki:
ba ta miya, ba ta kasuwa,
kututture ne kawai mai ƙaton tumbi.
Ba ta tanka ba.
Kullum tana rage mata kurɓi daga butar alwalata.
Ran Juma'a, ba ganye ko ɗaya,
sai ga fure, ja, mai farin ciki.
Na ga Arzika ya tsaya a kansa ya daɗe,
da ya hango ni ya ce yana duba fari.

Sai mangwaro ya yi huda.
Zuma ta cika garka da guna-guni,
zogale ya zubar da farin fure cikin kwalbatin ruwa.
Wani dare na farka na ga na ture bargo,
ban san sa'ad da na yi ba.
Ƙadangaru sun koma kan katanga suna gaishe-gaishe,
dogon yaro na turare bayan isha,
Inna ta kashe wutar ɗaka, ta fito da tabarma fili.
Haka ɗari ke tafiya, ba sallama,
sai ka ji randa ta koma abin marmari.

Albasa ta kwantar da ganye, mun haƙe.
Kowa ya haƙe, shi ne abin.
Buhun da ya kai jaka talatin da sanyi
yau dillali na taya shi kamar yana yi maka alheri.
Na sayar da shida saboda bashin taki,
sauran na zuba a rudu, su jira tsada.

Amma fangali guda na bari.
Ka san shi, na kusurwar gabas, irin Baba.
Ya yi zangarniya, ya kai mini ƙugu,
kowane kara da farin rawani,
sun yi sahu kamar tsofaffi a idi,
iska na sa su ruku'u.
In sun bushe zan murje, in ƙulle a tsumma,
rabi naka ne, ko ka zo ko ka yi jinkiri.

Zafi ya fara, guga na ƙara gaba ɗaya na igiya.
Shamuwa ba ta iso ba tukuna.
Tsahara ta ce in rubuta maka
furenta biyar ne, biyu sun faɗi,
in kana son ganin ukun, ka yi shiri.